Fashin Baƙi: Tarbiyya ko Cusa Aƙida? Yaro, Addini da Haƙƙin Zaɓi a Damagaram

Shin uban da ya tada ɗansa da asuba ya sa shi gaba zuwa masallaci ya tauye masa haƙƙi? Kuma da gaske ne akwai takardar da Nijar ta sa wa hannu wadda ta ce a bar yaro ba addini har sai ya girma ya zaɓa da kansa? Tambayoyin nan biyu ba sa rasa tasowa a Damagaram duk sa'ad da 16 ga Yuni, ranar yaron Afirka, ko 20 ga Nuwamba, ranar yara ta duniya, ta zagayo. Ana jin su a shirin kiran waya na gidajen rediyo, a fada wajen shan shayi, da cikin saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp. Wani ya ce makircin Nasara ne na raba ɗa da addinin ubansa. Wani kuma, galibi cikin waɗanda suka yi nisa a lakwal, ya ce duk addinin da aka koya wa yaro tun bai san dama da hagu ba hure kunne ne.

Amsar tambayoyin biyu ita ce a'a. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai ta uku wadda ta fi su nauyi, kuma ita ce ba a cika tsayawa a kanta ba: ta wace hanya ake koya wa yaron, kuma ran da ya buɗe baki ya ce "don me?", me ke biyo baya?

## Ciyarwa daban, ɗura daban

Kowace uwa ta san ɗura. A kwantar da jariri bisa cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a zuba koko ko jiƙo, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye. Kokon da aka ɗura da wanda ya sha da ludayi duk daga tukunya ɗaya suka fito. Hanyar ce ta bambanta, kuma ma'aikatan asibiti sun daɗe suna hana ɗura domin abin kan kuskure hanya ya sauka a huhu.

Haka lamarin yake a addini. Tarbiyya ita ce a raini yaro a kan abin da gidansu ya yarda da shi: ya ga ana salla ya yi, a koya masa bisimilla kafin cin abinci, a nuna masa halal da haram, a kai shi wurin malam. Babu gidan da ba ya yin irin wannan, na Musulmi ne, na Kirista ne, ko na wanda bai yarda da kowane addini ba. Cusa aƙida kuwa ita ce a sa abu a kan yaro ta yadda ba zai iya sake duba shi ba ko bayan ya girma. Ba a gane ta daga darasin da ake koyarwa. Daga abin da ke kewaye da darasin ake gane ta.

Alamarta ta farko ita ce tambaya ta zama laifi. Yaro ya ce, "Malam, wa ya halicci Allah?" sai ya sha dundu, alhali wannan tambaya ce da hadisi ya ambata, malaman tauhidi kuma suka amsa ta tun ƙarnuka da suka wuce. Ta biyu, tsoro ya zama shi kaɗai ne hujja: wuta, kabari, bulala, tsinuwar uwa, ba a taɓa kawo dalili ko rahama ba. Sai kuma ƙarya a kan waɗanda ba namu ba, a ce wa yaro ƴan wancan masallacin duk arna ne, ko maƙwabcin nan Kirista kada ka sha ruwan gidansu. Wadda ta fi duka hatsari ita ce a ɗaure gaskiya ga bakin mutum guda, har yaro ya ɗauka cewa saɓa wa malaminsu saɓa wa Allah ne. Idan an haɗa wannan da raba shi da danginsa, to an gama shirya shi don duk wanda zai zo ya yi amfani da shi.

## Abin da takardun suka ce a zahiri

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ran 20 ga Nuwamba 1989, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1990. Sashe na 14 ne ake cece-kuce a kansa, kuma akasari sakin layinsa na farko kaɗai ake karantawa: cewa ƙasa za ta mutunta ƴancin yaro na tunani, da abin da zuciyarsa ta yarda da shi, da addini. Sakin layi na biyu ya ce ƙasa za ta mutunta haƙƙi da nauyin da ke kan iyaye na shiryar da yaro wajen amfani da wannan ƴanci, gwargwadon yadda hankalinsa ke ƙaruwa. Wato gwamnati aka fara taka wa birki, ba uba ba. Abin da ake so daga uba shi ne ya riƙa sassauta linzami yayin da yaro ke girma, domin ɗan shekara biyar da ɗan sha shida ba a tafiyar da su iri ɗaya.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro, wadda aka amince da ita a Addis Ababa a 1990 ta fara aiki a 1999, ta ma fi fitowa fili. Sashenta na 9 ya kira shiryarwar iyaye wajibi. Na 31 ya ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da manya. Amma sashe na 29 ya hana amfani da yara a kowane irin bara, kuma a 2014 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya samu Senegal da laifin gazawa wajen kare almajiran da ake turawa bara. Akwai kuma yarjejeniyar 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986. Sashenta na 18 ya tabbatar wa iyaye ikon ba ƴaƴansu tarbiyyar addini da ɗabi'a bisa abin da su iyayen suka yi imani da shi.

Duk da haka damuwar malamai ba ta banza ba ce. Ƙasashen Musulmi irin su Jodan, Aljeriya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun yi togaciya a kan sashe na 14, don kada a fassara shi da ƴancin yaro ya bar Musulunci. Nijar ba ta yi irin wannan togaciyar ba.

A cikin gida, kundin tsarin mulki na 2010 ya raba addini da hukuma, ya tabbatar da ƴancin addini da ibada, ya kuma ba iyaye haƙƙi da nauyin renon ƴaƴansu. An dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma dokokin yau da kullum ba su tafi tare da shi ba. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar bai sa canza addini cikin laifi ba, saɓanin na Muritaniya. Inda gizo ke saƙa shi ne harkar iyali. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda, domin duk yunƙurin da aka yi, har na 2011, ya ci tura. Aure, saki, gado da riƙon ƴaƴa akasari al'ada ce ke hukunci a kansu, a gaban alƙali mai zama da masana al'ada, kuma al'adar Musulmin Damagaram fiƙihun Malikiyya ne gauraye da gargajiya. Saboda haka mutum na iya canza addini jandarma bai taɓa shi ba, amma ya tarar da sakamakon ran rabon gado.

Wasu ƙasashe sun yanka shekara. Dokar Jamus ta 1921 ta ce a saurari yaro yana da shekara 10, ba a canza masa addini ba da son ransa ba daga shekara 12, ya zaɓa da kansa a 14. A Suwizalan shekara 16 ce. A ɗaya gefen kuma, Tajikistan ta yi doka a 2011 da ta hana ƴan ƙasa da shekara 18 halartar yawancin ibadun masallaci. Wannan ma ɗura ce, sai dai hukuma ce ke riƙe da kokon.

## Abin da ke cikin littattafan zaure

Wanda ya zauna gaban malami ya sha littattafan farko ya san cewa fiƙihu bai ɗauki yaro kamar babba ba. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku ya sa yaro a ciki har sai ya balaga. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta faɗa a sarari cewa azumi ba ya kan yara sai namiji ya yi mafarki, mace ta ga haila. Alamomin balaga a Malikiyya su ne mafarki, haila, ciki, tsirowar gashin mara, ko cika shekara 18 idan babu ko ɗaya. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15. Abin lura: shekara 18 ɗin da wasu ke cewa Turawa ne suka ƙirƙiro tana cikin baitocin malamin Malikiyya Ibn Ashir da ake rerawa a zaurukan unguwar Birni ta Damagaram.

Koyarwa tun da wuri kuwa ba wanda ya yi jayayya a kanta. Ita kanta Risala don yara aka rubuta ta, kuma gabatarwarta ta kwatanta karatun ƙuruciya da zane a kan dutse. Hadisin fiɗira da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude, Banasare ko Bamajuse. Aya ta 6 ta Suratut Tahrim ta umarci muminai su kare kansu da iyalinsu daga wuta. Ga uba Musulmi, barin yaro kara zube ba ƴanci ba ne, sakaci ne da amana.

To amma a nan ne wani abu ke fitowa wanda masu jayayya ɓangarorin biyu ke tsallakewa. Jumlar farko ta littafin Ahalari ta ce abin da ya fara wajaba a kan mukallafi, wato baligi mai hankali, shi ne ya inganta imaninsa. Ba a ce ubansa ya inganta masa ba. Ibn Ashir ya ce wajibi na farko a kan baligin da ke da ikon nazari shi ne ya san Allah da Manzanni. Malaman tauhidi irin su Sanusi sun yi doguwar muhawara a kan imanin mai taƙlidi, wato wanda ya ce "na ji ana faɗa, na faɗa": ya inganta ko bai inganta ba? Alƙur'ani da kansa ya zargi masu cewa "mun tarar da iyayenmu a kai". Muhawarar ta yi zafi a ƙasar Hausa har wasu ɗalibai suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi suna kafirta wanda ya kasa amsawa, sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta rubutu yana kare imanin talaka. Ko da an bi ra'ayi mafi sauƙi, al'adar karatunmu ba ta taɓa ɗaukar maimaitawa ba fahimta a matsayin ƙarshen tafiya ba. Iyaye na kai yaro bakin ƙofa, shi ne zai shiga da ƙafarsa. Annabi Nuhu bai iya sa ɗansa cikin jirgi ba.

Sai maganar duka. Hadisin Abu Dawuda ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, a doke su a kanta suna da goma. Mutane sun haddace rabin ƙarshe. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ce, sama da salla dubu biyar da za a yi ta tunatarwa da baki kafin a yi zancen hannu. Kuma dukan an gindaya masa iyaka. Ibn Sahnun na Ƙairawan, a littafinsa kan ladubban masu koyarwa a ƙarni na 9, ya ce malami kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma ko da izinin ba a wuce goma, ba a dukan fuska ko kai. Ibn Haldun ya ware babi guda a Muƙaddima yana cewa tsanantawa ga ɗalibai na cutar da su: tana kashe musu kuzari, ta koya musu ƙarya da yaudara, domin suna nuna abin da ba shi ne a zuciyarsu ba don tsoron hannu. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Ridda ce wurin da takardun duniya da fiƙihun gargajiya suka rabu, kuma ba amfani a ɓoye haka. Mazhabobin nan huɗu sun yanke hukuncin kisa ga baligin namiji da ya bar Musulunci bayan an nemi ya tuba, a Malikiyya kwana uku. Sun kuma ce hukuncin na shugaba ne da alƙalinsa, ba na uba ko ƴan unguwa ba, kuma ba a zartar da shi a kan yaron da bai balaga ba. Wasu malaman zamani, irin su Ɗaha Jabir al-Alwani, sun ce hukuncin ya shafi wanda ya haɗa ridda da yaƙar al'umma, suna kafa hujja da "babu tilas a addini" a aya ta 256 ta Baƙara. Mafi yawan malaman ƙasar nan ba su bi wannan ra'ayin ba. Ko ma wanne mutum ya ɗauka, a Nijar duk wanda ya ɗaga hannu a kan wani da sunan ridda, dokar duka ko ta kisan kai ce za ta hau kansa.

## Inda rigimar take a gidajenmu

Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin ɗari na ƴan Nijar Musulmi ne, kuma jihar Damagaram, mai mutum sama da miliyan uku da rabi a lokacin, ita ce ta fi kowace yawan jama'a. Don haka yaron da zai zo ya ce ya bar Musulunci ba kasafai ake samunsa ba. Zaɓin da ke tada ƙura a gidaje na cikin gida ne: ɗariƙa ko Izala, Shi'a, wane masallaci, wane malami.

Izala an kafa ta a Jos a 1978, ta shigo ta Maraɗi da Damagaram tare da ƴan kasuwa da kaset-kaset, kuma tun lokacin gidaje da yawa suka san wannan hoton. A ce saurayi ɗan shekara sha shida ya shigo zaure da safe ya tsaya ƙiƙam ya yi sallama, bai durƙusa ba.

"Kai, ƙafarka ce ke ciwo?"

"A'a Baba. Malam ya ce durƙuso ga wanin Allah babu kyau."

"Wane malamin? Ni da na haife ka ban san addini ba sai shi?"

Daga nan sai ya ƙi cin waina ta sadakar arba'in ɗin kakarsa, ya daina bin uban wazifa. A wani gidan akasin haka ne: yarinya daga gidan Izala ta bi ƙawayenta Mauludi, ta dawo ta tarar da wanta riƙe da bel. A gidajen biyu kowa na cewa an hure wa ɗansa kunne. Abin da ba a tambaya shi ne me ya sa kunnen ya huru da sauƙi haka. Yaron da shekara goma ba a taɓa gaya masa dalilin abin da gidansu ke yi ba, ran da wani ya kawo masa aya da lambar hadisi a waya, ba shi da abin da zai auna da shi. Wanda ya fara ba shi dalili shi ya ci kasuwa, ko dalilin na ƙwarai ne ko na bogi.

Kiristoci kaɗan ne amma ba baƙi ba ne: a Damagaram ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara kafa tasharsu a Nijar a 1924. Iyaye Musulmi da dama na kai ƴaƴansu makarantun mishan saboda ingancin karatu, kuma tambayar da ya kamata su yi tun ranar rajista ita ce ko akwai darasin addini, kuma ko dole ne. Mudun da za a auna da shi ya kamata ya zama ɗaya ko ta wane gefe yaro ya karkata. Shekararsa nawa? Shi ya nema ko bin sa aka yi? An haɗa da kuɗin makaranta, waya ko alkawarin aure? Iyayensa sun sani? Wanda ya ja yarinyar Kirista ƴar shekara sha uku a ɓoye ya kira abin shiriya ba shi da bakin ƙorafi ran da aka yi wa tasa haka.

## Malami uku, yaro ɗaya

Yaro a unguwar Sabon Gari ko Garin Malam na iya wucewa ta hannun malamai uku a yini guda: allo da asuba, lakwal da hantsi, Islamiyya da yamma ko dare. Makarantar gwamnati ta Faransanci ba ta koyar da addini, shi ya sa ake da tsarin faranko-arab mai haɗa Faransanci da Larabci, wanda ya samo asali daga madarasar Say ta 1957.

A makarantar allo ana farawa da babbaƙu, a wuce farfaru, sannan a shiga biya surori daga ƙasa zuwa sama, a wanke allo a sake rubutu, har a kai sauka. Tsarin ya ƙware ƙwarai wajen abin da aka gina shi domin sa, wato tsare lafazin Alƙur'ani, kuma mahaddatan da ya fitar sun isa shaida. Amma ma'ana an ajiye ta ne sai mataki na gaba, karatun littattafai a zaure, inda malami ke fassara kalma bayan kalma. Matsalar ita ce yawancin yara ba sa kai wa can. Talla, gona, aure ko ci-rani kan ɗauke su tun kafin sauka. Sai mutum ya fita da girmama nassi matuƙa, amma ba ya iya gane ko abin da mai wa'azi ya jingina wa nassin yana ciki.

Wannan ba aibin allo ba ne, aibin tsayawa rabin hanya ne. Aibin da ke na tsarin kansa yana fitowa ne idan an kai ƙolo ɗan shekara shida wani gari aka miƙa wa malamin da ba shi da gona ba shi da albashi, sai ɗan kuɗin Laraba. Malami ɗaya ba zai iya sauraron tambayar yara masu yawa haka ba, don haka gardi da dorina ne ke riƙe da tsari. Kundin laifuffuka ya tanadi ɗauri ga iyaye da duk wanda ke tura yaro bara ko yake cin moriyarta, kuma dokar 2010 kan fataucin mutane ta ambaci cin moriyar barar wani. Aiwatarwa ce ke da wuya, domin wanda za a kama talaka ne da ya karɓi ɗan talaka. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a maƙwabta a Satumba 2019, lokacin da ƴan sanda suka fito da mutum wajen ɗari uku, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawansu.

## Masu cewa a bar yaro ya girma tukuna

Hujjarsu ita ce yaro ba ya iya musu, duk abin da babba ya faɗa gaskiya ne a wurinsa, don haka dasa masa aƙida cin zarafin rauninsa ne. Masanin falsafa Joel Feinberg na Amurka ya kira abin da ake so a kare, a 1980, haƙƙin yaro na a bar masa ƙofofin gaba a buɗe.

Amsar da ake ba su ita ce babu gidan da ke rainon yaro a kan babu. Ba wanda ke ƙin yi wa ɗansa Hausa don ya girma ya zaɓi harshe, kuma yaron da ba a koya masa komai ba titi da waya za su koya masa. Amsa ce mai ƙarfi, sai dai misalin harshen yana da wutsiya. Wanda ya tashi da Hausa ba a hana shi jin Barbarci, ba a kuma korarsa daga gida don ya koyi Faransanci. Idan za a kafa hujja da harshe, to a ɗauke ta duka.

Damagaram ta ga abin da ke faruwa idan taro ya motsa ba mai tambaya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen Annabi (SAW) da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙone majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka far wa shaguna da gidajen Kirista. Washegari wutar ta kama a Yamai, mutum goma suka rasu a garuruwan biyu. Dalilan suna da yawa: zaman banza, fushi da gwamnati, zuwan Shugaba Issoufou Mahamadou macin Paris na nuna goyon baya ga jaridar bayan harin da aka kai mata, kwana biyar kafin nan. Ba gaskiya ba ne a ɗora wa makarantun addini laifin duka, kuma malamai da dama sun fito sun yi tir. Amma zanen a Paris aka yi shi, wanda aka ƙone wa gida kuwa maƙwabci ne, kuma cikin taron akwai yara ƙanana da ba wanda ya taɓa koya musu su tsaya su ce, "Shi wannan me ya yi?"

## Idan ta taso a gida

Kafin shekara bakwai yaro da ido yake koyo, dogon wa'azi da labarin azabar kabari ba abin da suke ƙara masa sai firgita cikin barci. Daga bakwai a fara umarni da tunatarwa, a riƙa haɗa kowace ƙaramar sura da ma'anarta da Hausa, ko da layi biyu ne bayan magariba. Wajen shekara sha ɗaya zuwa sha biyu ne tambayoyi masu wuya ke fara zuwa, domin a nan ne hankali ke fara kama abin da ido ba ya gani. Uban da bai san amsa ba ya ce, "Ban sani ba, zo mu je wurin Liman." Imamu Malik da kansa ya shahara da faɗin "ban sani ba".

Kafin a sa yaro makaranta, a je a zauna a ji darasi ɗaya. A tambayi wa ya karantar da malamin, yara nawa ke hannunsa, wa ke riƙe da bulala, me ake cewa game da sauran Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Idan yaro ya fara ɓoye inda yake zuwa karatu, ya fara kafirta ƴan gidansu, ko ya ce an hana shi faɗa wa kowa abin da ake koya musu, to ba lokacin jira ba ne. Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, domin ta abokinsa na nan.

In saurayi ko budurwa sun ɗauki wata fahimta dabam, duka da kora su ne suka fi saurin tabbatar musu da abin da sabon malamin ya faɗa, cewa za a tsane su saboda gaskiya. Shi ma yaron akwai abin da za a tuna masa daga littafin da yake kafa hujja da shi: aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka, kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. In haka ne a kan shirka, ina ga saɓani a kan wazifa ko Mauludi? Uba kuma a tuna masa cewa a Malikiyya ciyar da ɗa namiji na kansa har ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a gidan miji, kuma canza masallaci bai sauke wannan nauyi ba.

Sulhu yana da matakansa. A fara da kawu ko gwaggon da yaron ke jin maganarta, sannan limamin unguwa, zai fi kyau a samu malamin da ɓangarorin biyu ke girmamawa. In ta ƙi, mai unguwa, daga nan fadar Sarkin Damagaram, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun al'ada. Idan akwai rauni a jiki, ɗauri, hana abinci ko barazanar kisa, maganar ta wuce sulhun zaure: ta ofishin kare yara na jiha ce, da sashen ƴan sanda mai kula da yara, da alƙalin yara a kotu, wanda ke da ikon ɗauke yaro daga inda yake cikin hatsari ya danƙa shi ga wani dangi.

Rigimar ta fi muni idan iyayen ne suka rabu kuma fahimtarsu ta bambanta. Al'adar da aka saba ita ce uba ya karɓi yaro da ya kai shekara bakwai, alhali a mazhabar Malikiyya riƙon namiji na hannun uwa har ya balaga, na mace har ta tare, muddin uwar ba ta auri bare ba. Mata da yawa ba su san wannan ba, sai su miƙa yaro suna kuka. Uban na da ikon kula da karatunsa da tarbiyyarsa ko yana hannun uwa, don haka abin da ya fi amfani a rubuta cikin takardar sulhu shi ne sunan makarantar da zai shiga, wa zai biya, da ranakun da zai kwana a kowane gida.